Likita Sake-Faɗi

Ranar Talatar da Auta ta ɗauki yayanta zuwa asibiti, ta riga ta san abin da ke damunsa tun kafin su fita daga gida. Shekararta ashirin da shida tana aikin jinya, ba sai na'ura ta gaya mata ma'anar dattijo ya dafe ƙirji yana zufa da sanyin safiya ba. Zuciya ce. Gado yake buƙata a ranar, a kwantar da shi a sa masa ido, in kuwa aka mayar da shi gida, da wuya ya ga ƙarshen mako. Ba ciwon ne ya fi ba ta tsoro ba, halin mai ciwon ne. Ta san wanda ta ɗauko a motar nan.

Yayan nata likita ne, ya yi shekara talatin a wannan asibitin kafin ya yi ritaya. Gajere ne mai ƙaton kai, rigar aikinsa kullum aljihun ya yi baƙi da tawadar biro. Da wuya ka sami wanda ke kiransa da sunan yanka. Daga masu shara har shugaban asibiti, Sake-Faɗi suke ce masa, wasu da ƙauna, wasu da cizon haƙora.

Sunan yana da asali. Duk mai jin wannan harshe ya san “da sauƙi” ba labarin jiki ba ne, gaisuwa ce. Mutum yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi, har ya ƙara da godiya ga Allah. A wurinsa faɗin akasin haka rashin tawakkali ne, kuma rashin kunya. To amma likitan da mutum tamanin ke jira a ƙofarsa, abin da kunnensa ke son ji ke nan. Sai ya rubuta cewa mara lafiya ya samu sauƙi, ya ba shi ƙwayoyi, ya kira na gaba.

Haka aka yi wa mahaifiyarsu. Auta tana da shekara tara a lokacin, shi kuma yana shekara ta biyu a makarantar likitanci. Inna ta yi mako guda ba ta iya barci a kwance, sai a zaune, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Likitan da suka gani bai ko ɗago kai daga takarda ba.

“Yaya jikin, Inna?”

“Da sauƙi, likita.”

Yaya yana tsaye a bayanta riƙe da jakarta. Ya san ba gaskiya ba ne, har ya san sunan cutar, don ya karanta ta a littafi. Amma ɗa ba ya ƙaryata uwarsa a gaban baƙo, sai ya ja bakinsa ya tsuke. Kwana huɗu bayan nan Inna ta rasu a gida. Bai taɓa ba kowa wannan labari ba. Auta ta sani ne kawai don tana wurin, tana wasa da murfin kwalba a ƙarƙashin teburin likitan.

Da ya fara aiki sai ya sa kafinta ya yi masa ƴar kujerar katako, gajeriya, yana yawo da ita a hannu duk inda zai duba marasa lafiya. Zai ajiye ta a gefen gado ya zauna, kansa ƙasa da na mai ciwon.

“Yaya jiki?”

“Da sauƙi, likita.”

“Madalla. Mun gama gaisuwa. To, sake faɗi.”

Wasu su yi dariya, wasu su kawar da kai, shi kuwa ya yi ta jira kamar ba shi da wani aiki a duniya. Daga nan sai magana ta ɓalle. Wani tsohon direba ya taɓa kallonsa ya ce, “To tunda ka matsa, likita, yau kwana tara ke nan ban yi fitsari ba sai da hawaye. Ko matata ban gaya wa ba.” Abin da mutum ya faɗa, shi yake rubutawa a fayil da kalmomin mai shi: kamar ana taka mini ƙirji, kamar an zuba mini garwashi a mara. Manyan likitoci suka yi ta ƙorafi, wai fayil ake so ba wasiƙa ba. Ko a jikinsa.

Kada wani ya ɗauka waliyyi ake ba da labari. Mutum ne mai wuyar zama, mai saurin hawa, kuma bai iya gyara a ɓoye ba. Auta da kanta ta ɗanɗana. A watanta na uku da fara aiki a ɗakin maza, ta rubuta a rahoton safe cewa mai gado na huɗu ya ce da sauƙi. Yaya ya ɗaga takardar a tsakiyar ɗaki, gaban ɗalibai da masu jinya, ya karanta da ƙarfi.

“Sista, sau nawa kika tambaye shi?”

“Sau ɗaya, likita.”

“To gaishe shi kika yi. Koma ki yi aikinki.”

Ta shiga ɗakin ajiye zannuwa ta sha kukanta. Mako biyu ko gaisuwarsa ba ta amsawa yadda ya kamata. Ran nan da yamma sai ga shi a gidanta da ledar lemo, ya zauna ya yi ta ɓare wa yaranta, bai ce uffan a kan maganar ba, ya tashi ya tafi. Ban-haƙurinsa ke nan, kuma bai taɓa yin wanda ya fi shi ba.

A gidansa ma haka. Matarsa, malamar makaranta, mace mai barkwanci, ta kan ce ita ma wata rana za ta je ta yanki kati ta bi layi, ko Allah zai sa a ce mata ta sake faɗi. Ana dariya, amma ba duka wasa ba ne. Babban ɗansu ya rantse ba zai karanta likitanci ba, ya ce wa Auta, “Gwaggo, Baba ai na mutane ne, mu aro ake ba mu.” Ya bar gari da zarar ya gama makaranta, sai waya jefi-jefi.

Abin da ya karya masa aiki matar wani makanike ce. Ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa, aka kawo ta da hantsi. Babu gado. Aka ajiye ta a benci, aka tura mijin neman wanda zai ba da jini. Duk wanda ya wuce ya tambaye ta, ta ce da sauƙi. Kafin la'asar ta cika a kan bencin nan. Da aka ga maganar za ta fita, sai aka kafa kwamiti, kwamiti ya rubuta cewa matar ta ƙi yarda a kwantar da ita. Likitoci uku suka sa hannu. Shi ne na huɗu. Ya karanta takardar sau biyu, ya zaro biro, ya rubuta a ƙarƙashin sunansa: Ba ta ƙi ba. Ba a ba ta ba.

Shugaban asibiti ya kira shi ofis, ya sa aka kawo shayi, ya rage murya.

“Likita, ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Rufin asiri muke nema.”

“Asirin wa, ranka ya daɗe? Ita dai an riga an rufe ta.”

Bai tsaya nan ba. Ya nemi garejin makaniken da ƙafarsa, ya same shi a ƙarƙashin wata mota, ya tsuguna ya gaya masa cewa matarsa ba ta ƙi magani ba, don kada ya rayu yana jin haushinta. Makaniken bai kai ƙara ko'ina ba. Ya dai zauna a kan tsohuwar taya ya rufe fuska da hannuwa masu baƙin mai.

Ba a kore shi ba, sun fi haka wayo. Aka ɗauke shi daga ɗakunan kwanciya aka ba shi wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin gwaje-gwaje, bango ɗaya da janareto. In an ɗauke wuta, sai ya kai kunnensa bakin mara lafiya kafin ya ji abin da yake faɗa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a nan, har kunnensa na hagu ya mutu. Ba a ƙara masa girma ba ko sau ɗaya. Yaran da ya koya wa riƙe allura suka zama su ke sa hannu a takardar hutunsa. Marasa lafiya kuwa suka gano hanyar, layinsu ya riƙa zagaye tankin mai har bakin famfo. Kowane farkon wata yana rubuta wa shugabanni wasiƙa a kan ƙarancin gadaje, kowane wata a amsa masa cewa an karɓa, ana dubawa. Har ya yi ritaya ana dubawa.

Ritayar ma suna ce kawai. Mutane suka koma bin sa gida da fayil a leda. Ba ya ba da magani, sai dai ya zauna a baranda ya karanta wa mutum abin da aka rubuta a kansa, ya fassara masa, sannan ya rubuta masa tambayoyi uku a ƴar takarda ya ce, “In ka shiga, kada ka tashi daga kujerar sai an amsa maka waɗannan.” A barandar nan matarsa ta same shi ranar Talatar, ya jingina da bango, fuskarsa kamar toka. Ta kira Auta, wadda ke hutun mako a gida.

A mota Auta ta yi ta maza.

“Yaya, don girman Allah, in an tambaye ka ka faɗi gaskiya.”

“Ke da wa kike?”

“Da kai. Na san halinka.”

“Kalli hanya, Auta, kada ki kashe ni kafin ciwon.”

Ɗakin gaggawa ya cika har ƙofa. Warin maganin goge ƙasa da na amai, fanka ɗaya tana juyi, ɗayar an cire mata fiffike. Aka matsa musu a benci. Kusa da shi wani mutum ne da bai wuce shekara arba'in ba, leɓɓansa sun yi shuɗi, yana jan numfashi da kafaɗu, matarsa tana yi masa fifita da katin asibiti. Auta ta lura Yaya ya zuba wa ƙirjin mutumin ido, yana duban agogon hannunsa.

Likitar da ke aiki ranar ɗalibarsa ce, wata doguwar mace da kowa ke kira Doguwa, wadda ya taɓa sa ta kuka ita ma, kuma ba ta da malamin da take ji da shi kamarsa. Tana ganinsa ta taho da sauri ta durƙusa a gabansa. Na'urar gwajin zuciya takardarta ta ƙare tun makon jiya, sai abin sauraro da yatsu. Ta saurari ƙirjinsa, ta riƙe wuyan hannunsa, sannan ta juya ga Auta ta ce a hankali, “Gado ɗaya ya rage a ɗakin maza, na tara.” A hankali ta faɗa, amma ta ɓangaren kunnensa mai ji.

“Malam, yaya jikin?”

“Da sauƙi.”

Doguwa ta yi ɗan murmushin dole. “Malam, in ce a sake faɗi?”

“Ke, ni za ki biya wa karatuna? Iska ce ta riƙe mini ciki, jiya na ci abin da bai karɓe ni ba. Ƙanwata ce mai tsoro. Ga mara lafiyarki nan kusa da ni, tun ɗazu ya kamata a ce yana kan gado.”

Doguwa ba ta gamsu ba, an ga haka a fuskarta. Amma wanda ya koya mata aikin ne ke gaya mata abin da ke jikinsa, ga mutane suna kallo. Ta ɗago kai ta dubi Auta, babbar ma'aikaciyar jinya, wadda ta zo da shi daga gida.

“Sista, ya kika gani?”

Maganar tana bakin Auta a shirye. Zufar safe, ciwon da ke sauka hannun hagu, yadda ya tsaya sau biyu tsakanin baranda da mota. Kalma goma ta isa. Sai Yaya ya juyo ya dube ta. Ba harara ba ce, kallo ne kawai irin na babban wa, wanda ya riƙe ta tun rasuwar Inna, ya kai ta makaranta, ya aurar da ita. Mace mai shekara hamsin da ɗaya, mai jikoki biyu, ta ji ba za ta iya ce masa maƙaryaci a gaban ɗalibarsa ba.

“Yadda ya ce ɗin ne,” in ji ta.

Aka tura mutumin ɗakin maza a kan keke. Doguwa ta rubuta a katin Yaya cewa ya ce da sauƙi, ya dawo in ciwon ya tashi, ta ba shi ƙwayoyin sa wa a ƙarƙashin harshe.

A hanyar komawa Auta ta yi ta tuƙi tana share ido da bayan hannu. Haushinsa take ji, haushin kanta ya fi.

“Yaya, me ya sa?”

“Kin ƙirga numfashin mutumin nan? Talatin da takwas a minti.”

“Naka fa? Wa ya ƙirga naka?”

Ya kwantar da kai a jikin kujera ya lumshe ido. Can ya ce, “In gado ya samu sai mu koma. Kada ki takura wa yaran nan, aiki ya yi musu yawa.” Har yau Auta ba ta san ko kyauta ya yi ba, ko kuwa kunyar nan ce ta Inna ta kama shi shi ma, ya ɓoye ta a bayan wani. Wataƙila shi kansa bai sani ba.

Ƙarfe uku ta kira Doguwa, Doguwa ta ce babu gado tukuna, ita kuma yanzu za ta tashi daga aiki. Da safiyar Laraba Auta ta kira teburin ɗakin maza, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, lokacin zagayen likitoci ne. Sai ta yanke shawara za ta je ta ɗauko Yaya ko da faɗa, ko a ƙasa ne a shimfiɗa masa, ya tsine mata in ya so. Cunkoso ya riƙe ta a hanya. Ta iso gidansa ƙarfe goma da ƴan mintoci, ta tarar da matarsa tsaye a baranda da kofin shayi a hannu, ta kasa ajiyewa. Yana zaune a kujerarsa, kansa ya karkata gefe guda.

Jama'ar da ta zo jana'izarsa ta cika layin har mota ba ta wucewa. Akwai waɗanda Auta ta gane, akwai da yawa da ba ta taɓa gani ba. Ɗansa ya iso bayan an gama komai, ya tsaya yana karɓar gaisuwar baƙin da suka fi shi sanin ubansa. Shugabannin asibiti ma suka zo cikin manyan motoci, suka ce an yi rashin gwarzo. Daga baya aka rataye hotonsa a babban zaure, aka yi wa ɗan ɗakin nan na jikin janareto fenti, aka maƙala masa allo cewa ofishin sauraron koken marasa lafiya ne. Yawancin ranaku a kulle yake. Abin da ya bari na gaske ba shi da allo: a cikin ƙananan likitoci akwai ƴan kaɗan da har yanzu suke jan kujera su zauna su tambayi mutum sau biyu, wasunsu ba su ma san daga wa suka gada ba.

Auta ta koma aiki bayan mako biyu. Duk kwanakin nan abu ɗaya ta riƙe take lallashin kanta da shi: ko ba komai, wani ya rayu a gadon. Ta so ta ga mutumin, ta ga leɓɓansa sun dawo daidai, ta ji matarsa tana masa faɗan ya ci abinci. Tana shiga ɗakin maza ta dubi gado na tara, ta ga wani tsoho ne mai karyayyar ƙafa. Ta ce a ranta an sallame shi ke nan. Ta zauna a teburi ta jawo littafin da ake rubuta shiga da fitar marasa lafiya, ta buɗe baya zuwa ranar Talatar.

An kwantar da mutumin ƙarfe ɗaya. Ya rasu ƙarfe huɗu na yammar ranar. Ta bi layin da yatsa zuwa sunan da ke biye, ta ga ba a sa kowa a gadon ba sai azahar ɗin Laraba. Ta tashi ta ɗauko takardar masu jiran gado ta wannan rana, ta karanta daga sama har ƙasa, ta sake karantawa. Sunan yayanta ba ya ciki. Ba a sa wanda katinsa ya ce da sauƙi a jerin masu jira.

Daga ƙarfe huɗu na yammar Talata har yayanta ya cika da hantsin Laraba, gadon yana nan a gyare da sabon zani, tafiyar minti ashirin daga barandarsa. Auta ta rufe littafin ta ɗora hannuwa biyu a kai. Daga ƙarshen ɗaki wani mara lafiya yana ta kira, Sista, Sista, ta ji shi sarai, amma ba ta ɗauke hannuwanta daga kan littafin ba.